Farfesa Faruk El-Baz: Daga Zaɓen Masauki a Duniyar Wata Zuwa Neman Ruwa a Ƙarƙashin Sahara

A watan Yulin 1971, lokacin da kumbon Apollo 15 ya fara kewaya duniyar wata, matuƙinsa Alfred Worden ya leƙa ta taga, ya ce wa masu saurarensa a cibiyar kula da kumbon da ke Houston bayan horon da Sarki ya ba shi, ji yake kamar ya taɓa zuwa wurin. Sarkin da yake nufi wani Bamisre ne ɗan shekara 33, Faruk El-Baz, wanda 'yan sama-jannatin suka laƙaba wa wannan suna saboda takwaransa tsohon sarkin Masar. Wannan labari aka fi bayarwa duk lokacin da aka ambaci mutumin, musamman a ƙasashen Larabawa inda ake alfahari da shi. A ganina kuwa, shekarun da ya yi yana aikin wata share fage ne. Aikin da ya ci rayuwarsa, wanda kuma ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna bakin Sahara, shi ne abin da ya yi da idon da ya horar a can bayan ya juyo da shi kan hamada. Akwai nasara babba a ciki. Akwai kuma inda aka ɗora wa binciken nasa fatan da ya fi ƙarfinsa, kuma shi ma yana da hannu a ɗora shi.

An haife shi ranar 2 ga Janairun 1938 a birnin Zagazig, a yankin da kogin Nilu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Mahaifinsa malamin addini ne da ya yi karatu a Azhar, gidan kuma gidan karatu ne. Yayansa Usama El-Baz ya zama babban jami'in diflomasiyya, ya daɗe yana ba Shugaba Husni Mubarak shawara kan harkokin siyasa. Faruk ya gama digirinsa na farko a Jami'ar Ain Shams ta Alƙahira a 1958, a fannin kimiyyar sinadarai da ilimin duwatsu da ƙasa, ya koyar a Jami'ar Asyut na shekara biyu, sannan ya tafi Amurka. A makarantar haƙar ma'adinai ta Rolla a jihar Missouri ya yi digiri na biyu a 1961, ya kammala na uku a 1964, bayan ya yi wani ɓangare na bincikensa a jami'ar MIT. Abin da ya ƙware a kai shi ne ma'adinai, musamman dalmar da ake haƙa a Missouri. Daga nan ya koyar a Jami'ar Heidelberg ta Jamus. Har zuwa wannan lokaci babu duniyar wata a karatunsa, babu ruwa, babu hamada.

Ya koma gida da niyyar koyar da abin da ya karanto. Kamar yadda shi kansa ya sha faɗa a hirarraki, hukuma ta tura shi ya koyar da kimiyyar sinadarai a wata cibiya a Suez, ya ce ba fanninsa ba ne, aka ƙi saurarensa. Ya yi aiki da wani kamfanin mai a 1966, ya shiga cikin aikin rijiyoyin mai na El-Morgan a mashigin tekun Suez, amma bai jima ba ya tattara ya koma Amurka. Ya rubuta wasiƙun neman aiki fiye da 100 kafin wani kamfani mai suna Bellcomm, wanda ke yi wa NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, aikin tsare-tsare a Washington, ya ɗauke shi a 1967. Wannan ɓangare na labarin yana min zafi, domin mun san irinsa a gida: ƙasa ta kashe kuɗi ta ilimantar da ɗanta, ya dawo, a rasa kujerar da za a ba shi sai wadda ba tasa ba.

Abin da ya tarar a Bellcomm shi ne dubban hotunan da kumbunan Lunar Orbiter guda biyar suka ɗauko a 1966 da 1967, kusan duk fuskar wata, amma ba a tsara su yadda masanin duwatsu zai amfana ba. Ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana rarraba abin da ke ciki gida-gida: nan fili ne na narkakken dutse da ya daskare, nan tsauni, nan kwazazzabo, nan rami. Masanin duwatsu ya saba da guduma da tafiyar ƙafa, ya fasa dutse ya duba cikinsa. A nan babu guduma, sai hoto. To ta yaya za a san tarihin wurin da ba a taɓa takawa ba? Akwai ƙa'idoji. Filin da ramukan faɗowar duwatsun sama suka yi masa yawa ya fi wanda ke da kaɗan tsufa, domin ya fi daɗewa yana shan jifa. Shimfiɗar da ta hau kan 'yar'uwarta ita ce ƙaramarsu a shekaru. Tsawon inuwa yana nuna tsayin tsauni ko zurfin rami idan an san inda rana take lokacin da aka ɗauki hoton. Da irin wannan karatu ya zama sakataren kwamitin zaɓen wuraren sauka, inda kullum ake ja-in-ja tsakanin injiniyoyi masu son shimfiɗaɗɗen fili don kumbo ya sauka lafiya da masana masu son wurin da duwatsu iri-iri suka haɗu.

Ɗaya aikin nasa shi ne horar da matuƙan da ke zama a sama suna kewayawa yayin da abokansu suka sauka. Waɗannan sojojin sama ne, ba ɗaliban kimiyya ba, kuma da farko ba su ga amfanin darasin duwatsu ba. El-Baz ya koya musu su bayyana abin da ido ya gani daki-daki, launi da siffa da yadda wannan ya hau kan wancan, kafin su ce ga abin da yake. A nan ne wani abu ya faru wanda nake ganin ya kamata a riƙe, domin zai dawo a Darfur. Worden ya hango wasu ƙananan ramuka masu baƙin kewaye a yankin Taurus-Littrow, ya ɗauke su bakin duwatsu masu aman wuta, aka yi zaton ba su daɗe da mutuwa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kai Apollo 17 can a watan Disambar 1972, ɗauke da Harrison Schmitt, masanin duwatsu tilo da ya taka wata. A bakin ɗaya daga cikin irin waɗannan ramuka Schmitt ya ga ƙasa mai launin ruwan goro. Da aka kawo ta ɗakin bincike, sai ta zama ƙwayoyin gilashi na aman wuta da gaske, amma masu shekara fiye da biliyan 3, ramin kuma dutsen sama ne ya fafe shi. Hange daga sama ya kai su wurin da ya dace. Fassarar da aka yi masa kuwa sai da hannu ya taɓa ƙasar aka gyara ta.

Bayan an rufe shirin Apollo, El-Baz ya koma cibiyar Smithsonian, ya kafa sashen nazarin duniya da sauran duniyoyi a gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Washington. A 1975, lokacin da kumbon Amurka da na Tarayyar Sobiyet suka haɗu a sama, shi ya jagoranci aikin ɗaukar hotunan ƙasa, ya kuma karkata shi ga hamada. Yana da hujja. Hamada ta fi ko'ina dacewa da karatu daga sama, domin babu daji ko gajimare da zai rufe fuskarta. Sannan ilimin duwatsu a Turai ya girma, inda babu hamada, saboda haka an san ƙanƙara da koguna ciki da waje, an bar ƙasar da ta fi ko'ina faɗi a arewacin Afirka ba a karanta ta sosai ba. Daga waɗannan hotuna ya lura cewa launin yashi yana da ma'ana: ƙwayar yashi tana ƙara ja gwargwadon daɗewarta da nisan da ta yi daga tushenta, saboda tsatsar ƙarfe da ke lulluɓe ta sannu a hankali. Wato daga launi kaɗai ana iya bin sawun inda iska ta kwaso yashi da inda take kai shi.

A 1978 Shugaba Anwar Sadat ya naɗa shi mai ba shi shawara kan kimiyya, aikin da ya riƙe har 1981, aka kuma nemi ya nuna wuraren da za a iya zama a hamadar yammacin Masar. A shekarar 1978 ɗin ya jagoranci ayari zuwa tsaunukan Gilf Kebir da Uwainat, kusa da inda iyakokin Masar da Libiya da Sudan suka haɗu, wuri ne da ake yin shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Can kuma akwai zane-zanen mutanen da, na shanu da raƙuman dawa, da tarkacen kayan aikinsu na dutse a bakin busassun tafkuna. Wannan tafiya da makamantanta su suka haifar da ra'ayin da ya riƙe har tsufansa: yashin Sahara ruwa ne ya haife shi, iska ta zo daga baya ta tsara shi. Koguna ne suka niƙa dutsen yashi na tsaunukan kudu, suka kwashi niƙaƙƙen suka zube shi a kwaruruka. Da ruwa ya janye, iska ta tara shi tudu-tudu.

Cewa Sahara ta taɓa zama kore ba El-Baz ne ya fara faɗa ba, kuma yau babu masanin da ke musu. Yadda duniya take karkata da yadda take kewaya rana suna sauyawa a hankali cikin dubban shekaru, wannan kuma yana ƙara wa damina ƙarfi ko ya rage mata. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ruwan damina yana kaiwa can cikin abin da yanzu yake hamada. Mu ba sai mun je Masar neman shaida ba. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai murabba'in kilomita kusan 350,000, alhali a shekarun 1960, lokacin da ake ganin ya cika, bai wuce 25,000 ba. Doguwar jigawar da ta ratsa ta Maiduguri zuwa Bama tsohuwar gaɓarsa ce. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa kimanin 8,000. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa jikin dutse, a Gobero kuma cikin Tenere an tono kaburburan masunta tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina.

Wannan ya sa El-Baz yake ja da masu cewa ɗan'adam ne ya ƙirƙiri hamada da kiwo da saran itace. Ina tare da shi rabin hanya. Sahara ba akuya ce ta yi ta ba, kuma hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 sun nuna iyakarta ta kudu tana matsowa a shekarar fari, tana ja da baya idan damina ta yi kyau. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu sun nuna ƙasar da aka yanke wa ƙauna tana farfaɗowa. Amma duk wanda ya ga yadda ake cin daji da gawayi a arewacin Najeriya ya san lalacewar ƙasa a gefen hamada da hannunmu a ciki. Abubuwa biyu ne daban, kuma haɗa su cikin kalmar kwararowar hamada yana ɓatar da mu wajen neman magani.

Ga inda ra'ayin nasa ya zama abin amfani. Idan koguna ne suka kai yashi kwari, to sun kai ruwa ma. Ruwan ya taru ya zama tafki, tafkin ya daɗe dubban shekaru yana tsatsafowa cikin dutsen yashin da ke ƙarƙashinsa, dutsen da ke da ƙananan kafofi masu riƙe ruwa. Saboda haka wurin da yashi ya fi taruwa a yau, wanda matafiyi zai ɗauka ya fi ko'ina bushewa, shi ne wurin da ya kamata a fara neman ruwa. Abin da ya rage shi ne a ga hanyoyin kogunan, alhali yashi ya binne su.

Amsar ta zo a watan Nuwambar 1981. Kumbon Columbia, a tafiyarsa ta biyu, ya ɗauki wata na'urar radar mai dogon zango, ya haska ta kan shimfiɗar yashin Selima da ke tsakanin Masar da Sudan. Igiyar radar irin wannan danshi ne yake tare ta. Inda yashi ya bushe ƙarƙaf, tana ratsa shi mita ɗaya zuwa 'yan mitoci, ta bugi dutsen ƙasa ta dawo. A hoton da ya fito, yashin ya ɓace, sai ga kwaruruka masu rassa, wasu faɗinsu ya kai na kwarin Nilu. Gaskiya a faɗe ta: John McCauley da abokan aikinsa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ne suka wallafa wannan a 1982, suka kuma je suka haƙa ramuka suka tarar da tsakuwar kogi. Gudummawar El-Baz ita ce haɗa wannan da batun ruwan sha da noma, da kuma nacin da ya yi wa gwamnati a haƙa rijiyoyin gwaji a kudu maso yammacin Masar. An haƙa, an sami ruwa mai daɗi. Yankin Sharƙul Uwainat yau yana da ɗaruruwan rijiyoyi, ana noman alkama da dankali da ciyawar dabbobi, kuma duk mai waya zai iya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ya ga korayen da'irorin gonakin a tsakiyar rairayi.

Bayan shekara huɗu a kamfanin Itek mai ƙera kyamarorin sama, ya koma Jami'ar Boston a 1986 ya kafa cibiyar nazarin ƙasa daga nesa, ya shugabance ta fiye da shekara 30 har ya yi ritaya a 2018. Farfesan bincike ne, wanda aikinsa ya fi yawa a fili da ɗakin taswira fiye da aji. A 1987 yana cikin waɗanda suka huda ƙaramar kafa suka zura kyamara cikin rufaffen ramin da ke gindin dalar Giza, suka ga jirgin ruwan Fir'auna Khufu na biyu ba tare da an buɗe ramin ba. Bayan yaƙin Gulf na 1991 ya binciki ɓarnar da tankokin yaƙi suka yi wa hamadar Kuwait, inda suka farfasa ɓawon tsakuwar da ke danne yashi, iska ta samu abin kwasa. Ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka ta kafa lambar yabo da sunansa don binciken hamada a 1999. Ya yaye ɗalibai da dama daga ƙasashen Larabawa, ya kuma yi aikin neman ruwa a Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Sai dai ruwan nan yana da wani hali da masu murna ba su cika ambata ba. Ma'ajiyar dutsen yashi ta Nubiya, wadda Sharƙul Uwainat ke sha daga gare ta, tana shimfiɗe ƙarƙashin Masar da Libiya da Sudan da Chadi, faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 2. Ruwan cikinta na damunan da suka shuɗe ne. An auna wani sashensa aka tarar ya kai ɗaruruwan dubban shekaru, wani ma kusan miliyan. Abin da ke shiga yanzu bai taka kara ya karya ba. Rumbu ne da aka gada cike da hatsi, amma gonar da ta cika shi ta daina bayarwa. A dausayin Kharga na Masar, rijiyoyin da a da ruwa ke ɓulɓulowa da kansa sun koma sai da inji. Libiya ta fara gina babban bututunta a 1984 tana jan ruwan nan daga kudu zuwa biranen gaɓar teku, kuma abin da ƙasa ɗaya ta zuƙa yana iya taɓa na maƙwabciyarta, shi ya sa ƙasashen huɗu suka kafa hukumar haɗin gwiwa a kansa. Mun ga irin wannan a Borno. Rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa tun ƙarshen shekarun 1950 a kwarin Chadi, masu feso ruwa ba tare da famfo ba, an bar da yawansu a buɗe dare da rana, ƙarfinsu ya yi ta raguwa, wasu suka ɗauke. El-Baz yana ganin ruwan yana da yawan da zai ɗauki al'umma tsawon zamani, don haka zama a kansa da ƙishirwa wauta ce. Ban ƙi ba idan na sha ne da abincin mutanen wurin. Amma a zuƙo ruwan da ya shekara dubu ɗari a noma ciyawar da za a loda wa jirgi zuwa wata ƙasa, wannan ban ga hujjarsa ba.

Darfur ce ta fi nuna iyakar aikin. A 2007, shi da abokiyar aikinsa Dakta Eman Ghoneim suka haɗa hotunan radar da ma'aunin tudu da kwari da kumbon Endeavour ya tattaro a shekarar 2000, suka fitar da gaɓar wani tsohon tafki a arewacin Darfur, mai faɗin murabba'in kilomita 30,750, bakinsa a tsayin mita 573 daga teku. Aikin kimiyya ne mai kyau. Lokacin yaƙin da ya ɓarke a 2003 ya riga ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, ya raba miliyoyi da gidajensu, kuma a shekarar ce Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya danganta rikicin da fari da sauyin yanayi. El-Baz ya je Khartoum ya gana da Shugaba Umar al-Bashir, aka sanar da shirin haƙa rijiyoyi 1,000. Kafofin labarai na duniya suka ɗauka: an gano tafki a ƙarƙashin ƙasa wanda zai kawo ƙarshen yaƙi.

Ba tafki aka gano ba, gurbin tafki aka gano. Ko akwai ruwa a ƙarƙashinsa, nawa ne, a wane zurfi, mai daɗi ne ko mai gishiri, duk wannan sai bakin injin haƙa ya faɗa. Alain Gachet, Bafaranshen masanin da ya yi aikin nemo wa sansanonin 'yan gudun hijira ruwa a gabashin Chadi, ya fito a lokacin ya ce mai yiwuwa tafkin ya ƙafe tun dubban shekaru. Sannan gurbin yana can arewa mai nisa cikin hamada, ɗaruruwan kilomita daga kewayen Jabal Marra inda jama'a suke da inda aka ƙona ƙauyuka. Mafi nauyi kuma, masana Sudan da dama sun ce fari ya tsananta gaba tsakanin makiyaya da manoma, amma wanda ya raba makamai ya saki mayaƙa a kan ƙauyuka gwamnati ce, kuma labarin ruwa ya yi mata daɗi domin ya mai da laifin kan sama. Shirin rijiyoyin bai kawo zaman lafiya ba. A 2023 yaƙi ya sake cinye Darfur.

Ban ɗauki El-Baz mayaudari ba. Mutum ne da ya ga mata suna tafiyar yini neman ruwa, yana kuma riƙe da taswirar da yake ganin za ta taimaka, ya san kuma shugabanni ba sa motsi sai an yi musu babban alkawari. Amma shi da ya ga yadda ƙasar Taurus-Littrow ta gyara hasashen da aka yi daga sama ya fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin hoto da abin da ke ƙasa, kuma ya kamata a ce muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi wajen ja wa 'yan jarida birki. Mu da muke fama da rikicin manoma da makiyaya a Zamfara da Katsina da Binuwai ya kamata mu kula da wannan sosai, domin a nan ma akwai masu son a ce matsalar ruwa da burtali ce kawai, a manta da rashin adalci da bindiga da hukumar da ta yi barci.

Haka babban shirinsa na Masar ya kasance, wanda ya kira zirin raya ƙasa: babbar hanya mai tsawon kilomita kusan 1,200 a yammacin Nilu, daga gaɓar Bahar Rum zuwa iyakar Sudan, tare da layin dogo da bututun ruwa da wutar lantarki da rassa 12 masu haɗa ta da biranen kwari. Matsalar da yake son warwarewa ta gaske ce, domin kusan duk Misrawa a cunkushe suke a ɗan siririn yankin da bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na ƙasar ba, gine-gine kuma suna cinye gonaki. Tun shekarun 1980 yake tallata shi, an sake ɗaga shi bayan juyin 2011, wasu masana na Masar suka soke shi kan tsada da kuma inda ruwan zai fito, tunda Nilun dai ɗaya ne. Ba a gina shi yadda ya zana ba.

Me za mu ɗauka mu yi aiki da shi? Da farko a san cewa radar da ta ratsa yashin Selima ba za ta yi haka a Kano ko Zariya ba, domin ƙasarmu tana da danshi da yumɓu da marmara. A Tenere da arewacin Chadi tana iya yi. Ƙasar Hausa kuma ba iri ɗaya ba ce a ƙarƙashi. Kano da Zariya da Kaduna da Gusau suna zaune kan tsohon fa mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa, shi ya sa mutum zai haƙa burtsatse ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa a bayan katanga ya tashi da ƙura. Sakkwato da Birnin Kabi da Tawa da Dosso suna kan kwarin Iullemmeden mai shimfiɗun dutsen yashi da Najeriya da Nijar da Mali suke tarayya a kai. Maiduguri da Gashuwa da Diffa suna kwarin Chadi, mai hawa uku na ruwa. A kan fa, hoton tauraron ɗan'adam yana taimakawa wajen gano dogayen tsagogi, waɗanda sukan bayyana a miƙaƙƙen layin ƙorama ko jerin itatuwa, sannan a bi da awon lantarki a ƙasa kafin a kira mai injin haƙa.

Kayan aikin suna nan. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, tana da cibiyar nazarin ƙasa daga nesa a Jos da cibiyar albarkatun ruwa a Kaduna, jami'o'inmu kuma suna yaye masana duwatsu kowace shekara. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, na radar ɗin tauraron Sentinel-1 ma kyauta ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rabin aikin na biyu, wanda ake yi a ƙasa. Kowace rana ana huda burtsatse a unguwanninmu, na ɗan siyasa da na masallaci da na mai sayar da ruwa ga 'yan garuwa, kuma kowane rami yana ba da labarin abin da ke ƙasa: a mita nawa aka bar marmara, a ina aka bugi fa, a ina ruwa ya fito, lita nawa yake bayarwa a awa. Galibi mai injin yana naɗe kayansa ya tafi da wannan sani a kansa, ramin da bai ba da ruwa ba kuma a cike shi a manta, alhali bayaninsa yana da daraja daidai da na wanda ya bayar. Jiha ɗaya da za ta wajabta wa masu haƙa su miƙa wannan bayani, ta ba sashen ilimin duwatsu na jami'arta ya ɗora shi kan hotunan sama, ta kuma ware 'yan rijiyoyi da ake auna zurfin ruwansu rani da damina, cikin 'yan shekaru za ta san unguwar da ruwanta ke sauka da yawan santimitar da yake sauka a kowace shekara.